Sabunta igamar iyali a Saudiyya: ta ina ya kamata a fara?

Abu_Yasir_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Jidda, kuma matata da 'ya'yanmu uku suna zaune a ƙarƙashin igamata, wato katin izinin zamana a Saudiyya. Igamar za ta ƙare nan da wata biyu, amma bana abubuwa uku sun haɗu mini a lokaci guda: babban ɗana ya cika shekara 18, fasfon ƙaramar 'yata ya kusa ƙarewa, sannan mahaifiyarsu tana Kano wajen jinyar mahaifinta da bizar fita da dawowa. A shekarun baya kuɗin iyali kawai nake biya, kamfani ya yi nasa aikin, sai saƙo ya shigo waya cewa an sabunta. Ina roƙon wanda ya san wannan hanya ya bayyana mini abin da ya kamata in fara da shi, da kuma ko kasancewar uwargida a wajen ƙasa zai tsayar da sabuntawar gidan baki ɗaya.

Bakano_Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Yasir. Allah ya ba surukinka lafiya. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne igamar iyalinka ba ta tsaye da ƙafarta, a jikin taka take rataye, saboda haka aikin ya rabu gida biyu. Kamfani ne ke biyan kuɗin izinin aiki da kuɗin igamarka, shi ne kuma yake danna sabuntawa ta Muqeem ko Absher na kamfanoni, wato shafukan intanet da ake yin hidimomin gwamnati ta cikinsu. Kai kuma naka shi ne kuɗin iyali, riyal 400 a kowane wata a kan kowane mutum, wanda ake biya ta SADAD, tsarin biyan kuɗi da ke cikin manhajar bankinka. Da mutum huɗu a ƙarƙashinka, lissafinka riyal 1,600 ne a wata, wato 19,200 a shekara, kuma muddin wannan kuɗi bai shiga asusunka na Jawazat (hukumar fasfo da shige da fice) ba, ko kamfani ya danna, na'ura ba za ta amsa ba. Sai dai duk da nauyinsa, kuɗi shi ne abin da ake iya gamawa cikin minti kaɗan. Abin da ba ya hannunka shi ne fasfo, don haka da shi za ka fara.

Ummu_Safiyya:
Na goyi bayan Malam Bakano game da fasfo. Fasfon yara na Najeriya shekara biyar yake yi, kuma yanzu ba a karɓar buƙatar fasfo sai da lambar NIN, har ga ƙananan yara. Abin da ke jawo wa mutane jinkiri shi ne saɓani tsakanin sunan da ke NIN da wanda ke tsohon fasfo, ko da harafi ɗaya ne, ko kuma ranar haihuwa. Ka ɗauko takardun yarinyar ka jera su a gabanka yau ɗin nan, ka duba suna da kwanan wata ɗaya bayan ɗaya kafin ka cike komai a intanet. Tun da a Jidda kake, ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya yana garinku, ba sai ka je Riyad ba.

Akwai kuma matakin da mutane da yawa suke mantawa. Karɓar sabon fasfo ba ya nufin Jawazat ta san da shi. Sai ka shiga Absher ka sabunta bayanan fasfon, domin har zuwa lokacin tsohuwar lamba da tsohon kwanan wata ne a rajistarsu, kuma da su na'ura take aiki.

Abu_Yasir_Jidda:
Na gode ƙwarai, Malam Bakano da Hajiya Ummu Safiyya. Yarinyar tana da NIN, kuma na duba sunayen sun yi daidai. An yi mata fasfon tana da shekara ɗaya, yanzu tana da shida.

Injiniya_Yanbu:
To ai wannan da ka faɗa ya buɗe wani babi, Malam Abu Yasir. Duk yaron da ya kai shekara 6 sai an ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa, abin da muke kira basma, kuma rashin yin sa yana iya tsayar da sabuntawa da bizar fita. Yawancin iyaye ba sa lura saboda a shekarun da suka wuce an sabunta wa yaron ba tare da an nemi komai ba. Ka nemi lokacin ganawa da Jawazat ta Absher tun yanzu, ka tafi da ita da igamarta da fasfonta. Aikin kansa ba ya cin lokaci, samun gurbin ne yake buƙatar a yi sammako, musamman idan hutun makaranta ya gabato kowa yana shirin tafiya gida.

Malam_Habu_Madina:
Bari in yi magana a kan babban yaron, domin na wuce ta nan da 'ya'yana maza. A tsarin Jawazat, mata da 'ya'ya mata da 'ya'ya maza 'yan ƙasa da shekara 18 rukuni ɗaya ne, sannan ɗa namiji da ya kai 18 yana komawa rukuni na biyu, tare da iyaye da surukai da matar da ta biyo bayan ta farko. Daga wannan shekara, zamansa a ƙarƙashinka yana dogara ne a kan cewa ɗalibi ne, don haka za a nemi takardar shaida daga makarantarsa mai nuna cewa yana karatu a wannan shekarar. Akwai kuma kuɗin igama na riyal 500 a shekara da za ka fara biya masa. Haka za a ci gaba har ya kai shekara 25, daga nan kuma sai dai ya koma ƙarƙashin wanda zai ɗauke shi aiki. Ita 'ya mace tana nan a ƙarƙashin mahaifinta muddin ba ta yi aure ba.

Shawarata ita ce ka karɓi takardar makarantar kafin a tafi hutu, da hatimi da sa hannun shugaban makaranta, sunan yaron kuma ya zo daidai da yadda yake a igama. Idan na'ura ta ƙi sabunta masa, akwai sashen Tawasul a cikin Absher inda ake tura buƙata da takardu kai tsaye ga Jawazat ba tare da an je ofis ba.

Danladi_Dammam:
Malam Habu, ina neman ƙarin haske. Wannan riyal 500 ɗin yana maye gurbin riyal 400 na wata-wata ne, ko kuwa ƙari ne a kansa?

Malam_Habu_Madina:
Ƙari ne, ɗan'uwa. Riyal 400 na kowane wata yana nan a kansa kamar sauran 'yan gidan, wato 4,800 a shekara, sannan a ɗora 500 ɗin. Yaron da ya kai 18 yana cin riyal 5,300 ke nan a shekara kafin a yi maganar makaranta ko abinci.

Bakano_Riyad:
Mun bar tambayar da ta fi damun mai tambaya, wato ta uwargida. Kasancewarta a Kano ba ya hana sabuntawa. Jawazat ta sanar a watan Janairun 2025 cewa ana iya sabunta igamar iyalin da suke wajen ƙasa ta Absher, a kuma tsawaita musu bizar fita da dawowa. Abin da ake nema shi ne kai maigidan ka kasance a cikin Saudiyya lokacin da ake sabuntawar, don haka kada ka yi shirin bin ta zuwa Kano sai an kammala.

Inda ake buƙatar nutsuwa shi ne jerin abubuwan. Bizar fita da dawowa ba ta wuce wa'adin igama, ma'ana bizar da ke hannun uwargida za ta ƙare ne kafin igamarku ko tare da ita. Idan jinyar za ta ja lokaci, dole a fara sabunta igama, sannan a samu sararin tsawaita bizar. Kuma tsawaitawa ga wanda yake waje ninki biyu ne: watan da ake biyan riyal 100 a kansa idan mutum yana cikin ƙasa, riyal 200 ne idan ya riga ya fita. Ka duba ranar ƙarewar bizarta yau, domin wataƙila ita ce za ta riga komai, ba igamar ba.

Dan_Maradi:
Ku yi mini afuwa in faɗi abin da ke raina, ko da ya ɗan kauce. Ni na ga farkon wannan kuɗi. A watan Yulin 2017 aka fara da riyal 100 a kan kowane mutum, a 2018 ya koma 200, a 2019 ya zama 300, a watan Yulin 2020 ya tsaya a 400. Lokacin da ya kai 300 na zauna da biro da takarda, na ga cewa da mata da 'ya'ya biyar ina aiki ne domin in biya izinin zama kawai, sai na mayar da su Maraɗi. Da abin da zan biya a shekara biyu na kammala ginin da na daɗe ina fama da shi, yara kuma suna karatu a gaban kakanninsu. Ina ganin duk wanda albashinsa bai kai ya kawo ba, gara ya yi wannan lissafi tun kafin ya fara cin bashi domin sabunta igama. Na san magidanta da suke shiga adashi ba don komai ba sai don wannan kuɗi, kuma da zarar sun biya sai su fara tara na baɗi.

Ummu_Safiyya:
Malam Dan Maradi, lissafinka gaskiya ne, kuma babu wanda zai zarge ka. Amma akwai abin da ba ya shiga takarda. Yaran da aka haifa a nan, suka yi firamare da sakandare da Larabci, mayar da su gida a tsakiyar karatu ba ƙaramin abu ba ne, musamman wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu ya gama. Na ga yarinya mai hazaƙa da aka mayar aji biyu baya saboda Turanci. Ga kuma tarbiyyar samari ba tare da mahaifi a gida ba, wadda nauyinta kan uwa yake faɗawa ita kaɗai. Kowane gida da irin nasa hali, shi ya sa ba na son a mayar da abin kamar wanda ya riƙe iyalinsa a nan bai iya lissafi ba.

Dan_Maradi:
Ban nufi haka ba, Hajiya, kuma na yarda da maganar yaran da suka yi nisa a karatu. Nawa ƙanana ne a lokacin, shi ya sa abin ya zo mini da sauƙi.

Dakta_Abha:
Domin kada sababbin zuwa su ruɗe, ya kamata a fayyace cewa wannan kuɗi an ɗora shi ne a kan iyalan ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Ni a asibitin gwamnati nake, igamata a ƙarƙashin hukuma take, kuma ba na biyan sa. Amma sauran sharuɗɗan, wato fasfo mai rai da basma da takardar ɗalibta ga wanda ya kai 18, duk suna kanmu kamar kowa. Wanda yake aiki a asibitin gwamnati amma ta hannun kamfanin kwangila, igamarsa ta kamfanin ce, saboda haka yana cikin masu biya.

Injiniya_Yanbu:
Game da nauyin biya a dunƙule da Malam Dan Maradi ya ambata, tun ƙarshen 2021 an ba da damar sabunta igama na wata 3, ko 6, ko 9, ko 12, kuma kuɗin iyali yana bin tsawon da aka zaɓa. Ga Malam Abu Yasir, wata uku riyal 4,800 ne maimakon 19,200 a zama ɗaya. Sai dai zaɓin yana tafiya da izinin aiki, wanda kamfani ne ke fitar da shi, don haka sai an zauna da su. Ni kaina ban cika son sa ba ga mai iyali a waje, saboda igamar wata uku ba za ta ba ka damar yi wa uwargida doguwar biza ba, kuma ranar ƙarewa za ta riƙa zagayo maka sau huɗu a shekara, kowane zagaye da yiwuwar wani abu ya maƙale.

Sabo_a_Makka:
Ni ban daɗe da zuwa ba. Wasu sun ba ni shawarar kada in yi wa iyalina igama, in riƙa kawo su da bizar ziyarar iyali ina tsawaitawa, tun da babu riyal 400 a kanta. Me kuka gani?

Malam_Habu_Madina:
Bizar ziyara tana da amfaninta, musamman ga iyaye da suke son su zo su yi 'yan watanni su koma. Amma ba izinin zama ba ce. Tana da iyakar kwanakin da dole mutum ya fita, ba a aiki da ita, ba a yin Hajji da ita, kuma kai da kake Makka ka sani cewa a 'yan shekarun nan ana hana masu bizar ziyara shiga Makka ko zama a cikinta idan lokacin Hajji ya gabato. Wanda yake son matarsa da 'ya'yansa su zauna, yara su shiga makaranta cikin kwanciyar hankali, igama ce hanyarsa. Ya fi kyau ka buɗe wannan tambaya a zaure na daban, domin tana da rassa da yawa.

Maman_Hanif:
Ba wanda ya yi maganar inshorar lafiya dalla-dalla, alhali ita ce ta tsayar da mu. Doka ta ɗora wa kamfani mai zaman kansa yi wa ma'aikaci inshora tare da matarsa, da 'ya'yansa maza har zuwa shekara 25, da 'ya'ya mata marasa aure. Amma dokar daban, abin da aka shigar a na'ura daban. A wurin aikin maigidana an canza kamfanin inshora, wajen kwafe sunaye aka tsallake sunan ɗanmu na tsakiya. Kuɗi ya shiga, fasfo lafiya lau, amma duk lokacin da ma'aikacin ofis ya danna sai jan rubutu ya fito cewa akwai wanda ba shi da inshora, ba tare da ya faɗi ko wane ne ba. Sai da muka zauna da dare muka riƙa shigar da lambar igamar kowa ɗaya bayan ɗaya a shafin Majalisar Inshorar Lafiya, muka ga huɗu sun fito da sunan kamfanin inshora da ranar ƙarewa, ta biyar kuma babu komai. Malam Abu Yasir, ka yi wannan binciken da kanka, har da lambar uwargida duk da tana Kano, kada ka tsaya a kan cewa an ce maka an yi.

Ina kuma da kira ga 'yan'uwana mata. Mace da ke ƙarƙashin igamar mijinta tana iya buɗe nata asusun Absher, ta ga ranar ƙarewar igamarta da bizarta da idonta. Yawancinmu mun bar komai a wayar maigida, ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya yi tafiya sai a rasa wanda ya san inda aka kwana. Igama idan ta mutu ba takarda kawai ta mutu ba: banki yana iya tsayar da asusu, rajistar makaranta ta maƙale, zuwa asibiti ya zama wahala, kuma uwa ce take fara ganin waɗannan a gida.

Danladi_Dammam:
Idan aka makara fa, wa ke biyan tara? Na ji ana cewa riyal 500 ne.

Bakano_Riyad:
Riyal 500 ne a karon farko, 1,000 a karo na biyu, a na uku kuma maganar fitarwa daga ƙasa ake yi. Sashe na 40 na dokar ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin igama da izinin aiki da sabunta su, tare da tarar da jinkirinsa ya jawo. Amma idan kai ne ba ka biya kuɗin iyali ba, ko ba ka kai yaro basma ba, ko akwai tarar hanya a kanka da ba ka biya ba, kamfani zai ce daga wajenka jinkirin ya fito, kuma zai yi wuya ka musa. Shi ya sa nake ba da shawarar mutum ya gama nasa, ya ɗauki hoton rasidin, ya tura wa ofishin ma'aikata a rubuce da kwanan wata. Maganar baki ba ta zama hujja ranar da aka zo rabon laifi.

Baba_Sharafiyya:
'Ya'yana, na daɗe a ƙasar nan tun lokacin da igama take ɗan littafi, ana bin layi a Jawazat tun asuba da fayil a hannu. Yanzu an sauƙaƙa, amma sauƙin ya zo da nasa haɗari. Kada wanda ya ba wani mu'aƙƙib (mai bin takardun mutane a ofisoshin gwamnati) ko wani mai shago lambar sirrinsa ta Absher, ko lambar da ake turowa a waya, wai don ya taimaka masa ya sabunta. Wanda ya shiga asusunka yana iya yi wa iyalinka bizar fita, har ta fita ba dawowa, da sunanka. Idan ba ka iya ba, ka zauna kusa da wanda ka amince da shi, wayar tana hannunka, ya nuna maka inda za ka danna. Kuma Abu Yasir, ka sanar da surukanka halin da ake ciki, domin su san ranar da 'yarsu za ta iya kaiwa a can ba tare da an shiga matsala ba.

Abu_Yasir_Jidda:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba bizar uwargida kamar yadda Malam Bakano ya ce, kuma lallai za ta riga igamar ƙarewa. Na cike buƙatar fasfon yarinyar, na samu lokacin basma, makarantar babban yaron kuma ta ce in zo in karɓi takardar a makon gobe. Lambobin inshora duk sun fito lafiya. Abin da ya rage shi ne kamfani yana son ya sabunta na wata shida, ni kuma na fi son shekara saboda ban san tsawon jinyar ba.

Injiniya_Yanbu:
Ka nuna musu bizar uwargida da ranar ƙarewarta, ka bayyana cewa jinya ce. Sau da yawa abin da ke sa kamfani zaɓar wata shida shi ne kuɗin izinin aiki da ba ya son fitarwa a dunƙule, ba wai yana da wata manufa a kanka ba. Idan sun tsaya a kan shida, ka karɓa a yi da wuri, domin wata shida da aka sabunta kafin bizarta ta ƙare ya fi shekarar da za a tsaya ana ciniki a kanta har ranar ta wuce.

Dan_Maradi:
Ni a wurinka wata shida zan zaɓa ko da sun ba ni shekara. Riyal 9,600 ne maimakon 19,200, kuma ga hidimar asibiti a Kano da ba a san inda za ta tsaya ba.

Ummu_Safiyya:
Idan aka yi na wata shida, Malam Abu Yasir, ka tambayi makarantar ko za su sake ba ka wata takardar ɗalibta a zagaye na biyu, tun da yaron yana ajin ƙarshe kuma wataƙila ya gama kafin lokacin. Idan ya gama bai samu gurbi a wata makarantar ba, wace takarda za ka gabatar masa? Malam Habu, ko ka taɓa cin karo da yaron da igamarsa ta zo sabuntawa a tsakanin gama sakandare da shiga jami'a?